Kurjewar Motar Baba Tokuzo

Idan yininka ya yi maka yawa a garinmu, kana neman inda za ka zubar da shi, je ka tambayi Baba Tokuzo Kuwabara ko ya taɓa goga mota a rayuwarsa. Ba zai ji haushi ba. Matashi zai turo maka ka zauna, ya ɗora ruwan shayi, sannan ya faro maka daga shekarar da aka zuba wa hanyar dutse kwalta.

Kusan shekara arba'in ya yi yana jan bas ɗin garinmu, daga tashar jirgin ƙasa da ke bakin kogi har ƙauyen ƙarshe da ke kan dutse. Hanya ce da rassan lemu ke leƙo fasinja ta taga, katangun mutane kuwa kamar sun haɗa baki su matso tsakiya. Amma ko fentin madubi bai taɓa bari a jikin katangar wani ba. Ranar da ya ajiye aiki kamfani ya ba shi allon yabo. Yana nan rataye a ɗakinsa, sama da hoton marigayiya matarsa, Iya Fumie. Sama fa na ce, ba gefe ba.

Da farar safar hannu yake tuƙi, kuma taya ba ta motsawa sai ya nuna da yatsa ya faɗa da baki, yadda aka koya musu a wurin aiki: "Dama, ba komai! Hagu, ba komai! Baya, ba komai!" Sauran direbobi a gareji suke barin wannan idan sun tashi. Shi gida yake tafiya da abinsa. Iya Fumie ta taɓa gaya wa mahaifiyata cewa ko kwamin wanka zai shiga sai ya nuna dama da hagu, kamar akwai babur da zai ɓullo daga bayan sabulu.

Ni sunana Saburo, aski nake yi a bakin kasuwa. A bas ɗinsa na yi zuwa makaranta, ya kuma sha tsayar da mota a tsakiyar hanya yana kallona ta madubi har sai na tofar da cingam. Yanzu na haura hamsin, shi yana dab da tamanin, amma har gobe "yaron nan" nake. Duk wata yana zuwa in rage masa gashin da shekaru suka riga ni ragewa, yana bin almakashina da ido yana gaya mini na sha kwana ba sigina.

Bayan ya bar aiki aka rage bas ɗin. Yanzu safe da yamma kawai yake hawa dutse, shi ma idan bayan direba bai riƙe ba. Wanda ba shi da mota a nan, gidansa ne kurkukunsa. Ga shi kabarin Iya Fumie can sama yake, gaba da ƙauyen ƙarshe, inda ko bas ɗin ba ya kaiwa. Duk mako Baba Tokuzo yake hawa da fure da turare, ya wanke dutsen kabarin, ya tsuguna ya ba ta rahoton waɗanda ba su iya tuƙi ba a gari. Tana raye ba ta tsira daga wannan rahoto ba, mutuwa ma ba ta cece ta ba.

'Yarsa ɗaya ce, Chizuru, tana aiki can birnin Osaka. Da tsohuwar motarsa ta gaji, ita ta ɗauko masa hayar shekara uku daga wani kamfani, 'yar farar mota mai kama da akwatin burodi. Da sunanta aka ɗauka, don haka da sharaɗinta. A shagona ta faɗe shi, ina tsaka da yi masa aski, don ta samu shaida.

"Baba, ranar da za a mayar da ita, in aka duba ba ko kwarzane, zan sake ɗauko maka wata. In kuwa aka ga ko ɗaya, mu tafi ofishin 'yan sanda tare ka miƙa musu lasin."

"Kwarzane? Ni? Yarinya, kina goye a bayan uwarki nake yin ribas da bas a kan gadar katako."

"Na sani, Baba. Ka yarda?"

"Yaron nan, ka ji ko? Riƙe mana wannan magana."

Na riƙe. Da na san nauyinta da tun a nan na ajiye.

Ta kuma kawo masa alamar tsofaffi, ganye huɗu mai launi huɗu da mayen ƙarfe a bayanta, wadda ake so direban da ya haura saba'in ya manna a mota don na bayansa su yi haƙuri da shi. Baba Tokuzo ya juya ta gaba da baya, ya yi godiya sosai, ya ce ai kuwa dama yana neman abin ɗora butar shayi. Shekara uku tana ƙarƙashin buta.

Saura 'yan makonni a mayar da mota, wata Litinin, ranar hutun masu aski, ina zaune da gajeren wando ina yanke farce, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Baba Tokuzo ne, ba safar hannu. Ban taɓa ganin hannunsa tsirara ba, har na ɗan kau da kai.

"Yaron nan, kana da aiki?"

"Ina da shi, Baba. Saura ƙafar hagu."

"Sa wando ka biyo ni. Kada ka gaishe da kowa a hanya."

A gidansa na tarar ya lulluɓe motar da tamfal ɗin shanyar lemu. Ya ɗaga gefe ɗaya a hankali kamar mai nuna wa dangi fuskar mamaci. A ɓangaren hagu, sama da tayar baya, akwai kurjewa da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, da 'yar lotsawa kamar an danna babban yatsa a kan ƙullu.

Na ce, "Ina abin yake?"

"Kai makaho ne?"

"Haba Baba, wannan ai kyanwa ma ta fi shi iya aiki."

"Katangar Shimokawa ce, a kwanar nan. Ta fito."

"Katangar ce ta fito?"

"Bara ba nan take ba."

Katangar nan kakan mijin Uwargida Shimokawa mai gonar lemu ne ya jera duwatsunta. Girgizar ƙasa ta sha gwada ta, ta haƙura ta wuce. Amma ranar da ta hango motar Baba Tokuzo sai ta taka ƙafa ɗaya gaba.

"Ba ka nuna hagu ba ne, Baba?"

Ya sunkuya yana gyara bakin tamfal. Na ɗauka bai ji ba ne.

Na ce ya buga wa kamfanin waya ya tambaya, wataƙila irin wannan ba ya cikin abin da suke kamawa. Ya ce kamfani lambar Chizuru gare su. Na ce to mu kai wa Gonda mai gyaran jikin mota, yini ɗaya zai shafe ta. Ya dube ni yadda yake dubana lokacin cingam.

"Matar Gonda ajinsu ɗaya da Chizuru. Kafin mijinta ya ɗauki guduma Osaka ta ji. Mu biyu za mu yi. Hannunka ya saba da aikin a hankali."

"Baba, ni in na yi kuskure gashi yana sake tsirowa."

"To ka ga ka saba da kuskure. Ɗauko man goge baki."

Wani abokin kamun kifinsa ne ya taɓa gaya masa man goge baki yana shafe kurjewa. Muka goga har hannuna ya sage. Motar ta ɗau ƙamshin na'ana'a, kurjewar kuwa ta fito fes, ta fi da kyau. Sai muka koma kan lotsawar. Aka tafasa ruwa aka kwara, aka ɗauko robar zuƙe masai, na manna na ja da ƙarfina. Lotsawar ta fito kam, ba laifi. Sai dai ta bar ƙanwarta a gefe.

Washegari muka tsallake gari biyu zuwa babban kantin kayan gyara, don kada wanda ya san mu ya gan mu. Baba Tokuzo ya sa hula da takunkumi, amma ya ajiye mota a bakin ƙofa ya nuna dama da hagu da baya da ƙarfi, har masu tura keken kaya suka tsaya kallo. A ciki muka tarar da fararen fenti kanta guda: farin ƙanƙara, farin lu'ulu'u, farin madara, da wasu fararen da ban san uban da ya raɗa musu suna ba. Mai kanti ya ce kowace mota tana da lambar fentinta a rubuce a jiki, a je a dubo.

"Ɗana, fari ai fari ne. Farar bas na ja tun ba a haife ka ba."

Ya ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana ƙanƙance ido, ya zaɓi ɗaya. Na ce anya kuwa, wannan kamar ya yi rawaya. Ya ce in tsaya a matsayina. Muka haɗa da ƙullun cike rami irin na masu gyaran jikin mota, da samfefa, muka dawo.

Ban san ko ka taɓa shafa ƙullun nan ba. Ka shafa ya yi tudu, ka goge tudun ka ci gefe, ka cike gefen ya sake yin tudu. Cikin mako ɗaya abin da bai kai gaɓar yatsa ba ya kai tafin hannu. Da muka gama fenti ya bushe, na ja da baya na duba. Mota fara tas, a ƙugunta faci mai launin haƙoran mashayin taba.

"Ya yi daidai," in ji Baba Tokuzo.

"Da me, Baba?"

"Da motar mana. Ni ko iyakarsa ban gani ba."

Na yi dariya, na zaci zolayata yake yi. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ba alamar wasa.

"Ana gani ne?"

"Daga tashar jirgi ana gani."

Sai ya ce iskar yau ce ba ta da kyau, fenti ba ya son laima.

A tsakiyar wannan hidima ne na gan shi ya fito daga shagon alewa na bakin tasha, rungume da kwalin alewar jan wake, mai tsadar, an naɗe ta da takarda an ɗaure da zare. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza.

"Wa ya rasu, Baba?"

"Gidan Shimokawa za ni, in ba da haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Na taɓa mata katanga."

"Tabɗijam! Baba, mun tsallake gari biyu da takunkumi don kada a sani, yanzu za ka kai labarin da ƙafarka gidan da ya fi gidan rediyo nisan zango?"

"Wanda ya taɓa katangar mutane bai je ya sunkuyar da kai ba, wannan ba mutum ba ne. Ubanka bai koya maka ba?"

Na bi shi, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Uwargida Shimokawa ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gonar lemunsu. Tana da 'yar akori-kura da babu katangar da ba ta sa mata hannu ba a garin nan. Ta ji abin da ke tafe da shi, ta koma ciki ta ɗauko tabarau, ta bi katangar dutse bayan dutse ba ta ga komai ba. Da ta rasa, sai ta fara ba shi haƙuri a madadin katangar, da "san" ɗin da muke ɗora wa suna don girmamawa.

"Ayya, Kuwabara-san, ai laifinmu ne. Tun marigayi yana raye nake cewa kwanar nan ta yi kaifi."

"A'a, Shimokawa-san, sakacina ne."

"Ina! Mutum irinka? Katangar ce."

Ya sunkuya, ta sunkuya ta fi shi. Ya ƙara, ta ƙara. Na tsaya ina jiran in ga bayan wa zai fara ƙara. Da ƙyar ta karɓi kwalin. Ya ce don Allah kada ta wahalar da kanta da wata ramawa. Ta ce to, to, ta ji.

A hanya na ce, "Baba, a garin nan ka taɓa ganin wanda aka kai wa kwali bai mayar da rabinsa ba?"

"Ai na ce mata kada ta yi."

"Kowa haka yake cewa. Ka dai roƙe ta kada ta faɗa wa kowa?"

"Ta ina zan fara? Sai ta ɗauka wani abu nake ɓoyewa."

Ana jibi za a karɓi mota ya sake kirana. Na tarar da butar shayi zaune a kan tabarma ba abin ɗorawa, alamar tsofaffi kuma a hannunsa, ya wanke ta, sai da'irar gindin buta da ta ƙi fita. Ya ce ya yi tunani, mutum ya kamata ya san shekarunsa. Na ce wannan gaskiya ne, kuma abin sha'awa shekarun sun zo daidai girman facin.

Ya ɗora ta a kan facin ya saki. Ta zame ta faɗi ƙasa. Ya sake, ta sake faɗuwa. Mayen ƙarfe ƙarfe yake nema, mu kuwa mun binne ƙarfen a ƙarƙashin ƙullu mai kaurin waina. Duk jikin motar nan alamar tana kamawa, ban da wuri ɗaya tak da ake bukatarta.

Na ce a sa gam. Ya ce gam zai ɓata fentin mutane. Fentin mutane! Ya shiga kicin ya dawo da dafaffiyar shinkafa a murfin kwano, ya murje ta da bayan cokali har ta yi yauƙi, yadda Iya Fumie ke yi idan za ta liƙa sabuwar takarda a ƙofofin takarda irin na gidajenmu. Ya shafa, ya manna, ya danne da tafin hannu. Ta zauna daram.

"Na da can sun san abin da suke yi," in ji shi.

Ranar da za a karɓi mota na rufe shago, tunda ni ne shaida. Chizuru ta sauka a jirgin safe. Tana shigowa tsakar gida ta ga alamar, ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu.

"Baba! Ka manna?"

"Mutum ya kamata ya san shekarunsa."

Idonta ya ciko. Ta ce ta zo ne da shirin faɗa, ga shi ya kashe mata baki. Ta ce amma ai gaba da baya ake mannawa, ba gefe ba. Ya ce na gefe ma mutane ne, suna da haƙƙin su sani. Ta yi dariya tana share ido. Ni na mayar da hankalina kan bishiyar maƙwabta.

Can sai ga ma'aikacin kamfani, Ebihara-san, dattijo mai sanƙon da ba zai taɓa amfana mini komai ba, riƙe da 'yar tocila. Ya fara daga gaba. Ya haska, ya shafa, ya leƙa ciki, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa. Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki bai ga motar da aka riƙe haka ba, ko ƙurar toka babu. Baba Tokuzo ya gyara safar hannu ya ce ai ba wani abu ba ne, tarbiyya ce. Chizuru ta riga ta fara tambaya ko sabuwar da za a kawo akwai shuɗiya.

Sai Ebihara-san ya zagayo hagu.

"Kuwabara-san, wannan alamar taka ce, sai a cire maka kayanka."

"Bar ta. Na ba na gaba kyauta."

"Mun gode ƙwarai, sai dai ba a karɓar mota da komai a jiki."

Ya sunkuya zai kama gefenta, ya tsaya. Ni ma sai lokacin na gani. Layin ƙiyashi ne ya taso daga ƙasa, ya hau taya, ya bi bakin ƙarfe, ya shige ƙarƙashin alamar. Wani layin yana dawowa, kowa da ɗan farin kaya a ka. Ebihara-san ya ja iska ta tsakanin haƙora. Mutumin kirki ne, na ga yana laluben hanyar da zai faɗi abin ba tare da ya faɗa ba. Wataƙila ma da ya samo.

Amma sai muka ji ƙarar birki a ƙofar gida, da ƙarar tukunyar fure da ta gamu da ajalinta. Uwargida Shimokawa ce ta sauko daga akori-kura, rungume da kwandon lemun farkon kaka, tana sunkuyawa tun daga bakin ƙofa.

"Af, Chizuru ce? Sannu da zuwa, 'yata, kin yi ƙiba! Kuwabara-san, ka gafarce ni, na yi latti, jira nake su nuna. Ba wani abin kirki ba ne, bai kai rabin alewarka ba. Ni fa har yau kunya nake ji, a ce katangarmu ce ta ɓata maka tarihi. Yaya jikin motar? Ta warke?"

Ba wanda ya yi motsi, ban da ƙiyashi.

Chizuru ta ce, "Wace katanga, Iya?"

"Tamu mana, ta kwana. Au, bai gaya miki ba? Kai, mahaifinki akwai kunya. Da baƙar kwat ya zo."

Chizuru ta taka zuwa motar, ta sa farce ta ɓamɓare alamar. Ta fito da 'yar ƙara, shinkafa tana zare. Ga facinmu nan a bainar jama'a, rawaya, da tudu da kwari, ƙiyashi suna gudu a kai.

"Saburo," in ji ta, ba ta ko juyo ba, "da hannunka a ciki?"

"Ni tocila kawai na riƙe, sai robar masai."

Ebihara-san ya shafa facin da yatsa kamar mai jajantawa.

"Kuwabara-san, kafin a... kafin a kula da wurin, yaya girmansa yake?"

Baba Tokuzo ya nuna gaɓar yatsa. Ebihara-san ya sake jan iska.

"Irin wannan ai ba ma rubutawa. Mota ta shekara uku a kan titi, dole a samu. Da an bar shi, ko a bugo mana waya, da na wuce ban ce komai ba. Yanzu kam sai an kankare ɓangaren nan duka an sake fenti."

Na so in ce na faɗa. Na kalli fuskar tsohon, na haɗiye. Wannan ne karo na farko a rayuwata da magana ta zo bakina ta koma.

Chizuru ta tsaya da alamar a hannu. Ban san abin da za ta yanke ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Kamfani ya ce kurjewar ba kurjewa ba ce, ga kuma facin da ba a yi sharaɗi a kansa ba. Da ya ja da ita a wannan gaɓar, ina ganin da ya ci. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, gyaran ba komai ba ne, zan ji da shi. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Kai da ba ka motsa taya sai ka duba, yaya aka yi?"

Ya daɗe yana kallon safar hannunsa.

"Na duba. Na nuna hagu, na ce ba komai." Ya ɗaga kai. "Kuma akwai komai."

"Baba..."

"Shekara arba'in in na ce ba komai, ba komai ɗin ne. Yaron nan ya ce facin rawaya ne. Ni har yanzu fari nake gani." Ya juya wajen kwanar, inda yaran makaranta ke bi kullum da safe. "Katanga ce wannan karon."

Uwargida Shimokawa ta ajiye kwando ta fara kuka, tana cewa ita ta kashe shi, da ta sani da ta zubar da lemun a kogi. Ya ce a'a, Shimokawa-san, abin da ya kamata kika yi. Ta sunkuya, ya sunkuya. Ebihara-san da ba ruwansa shi ma ya shiga ciki.

Da kansa ya miƙa makulli. Kafin nan ya zagaya motar sau ɗaya, ya kakkaɓe ƙiyashin da safar hannu. Washegari ya sa baƙar kwat, ya ƙi yarda Chizuru ta riƙe masa hannu, ya shiga ofishin 'yan sanda ya ajiye lasin a kan kanta da hannu biyu. Suka yi masa godiya, suka ba shi wani kati da zai riƙa samun rahusa a bas. Ya tambaye su wane bas.

Likitan ido ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, za a iya cirewa, kuma an cire. Yanzu yana ganin fari fari, rawaya rawaya, har ya gano cewa shekara da shekaru gefe ɗaya na ƙeyarsa ya fi ɗaya tsawo, laifina ne kuma. Chizuru ta ce in yana so a sake neman lasin. Ya ce ya riga ya ajiye da hannu biyu, ba ya ɗaukar abin da ya ajiye.

Saura maganar kabari. Uwargida Shimokawa ta ce tunda ita ta jawo, ita za ta riƙa kai shi duk mako, ba ta kuma son jin wata magana. Shi kuwa ba zai hau motar mutane hannu sake ba, sai ya riƙo kwali. Ita ba za ta karɓi kwali ta yi shiru ba, sai ta aiko da lemu. Shi ba zai ci lemu... kai, mai shagon alewa dai ya sake rufin shagonsa, ni kuma duk wanda ya zo aski sai na cusa masa lemu a aljihu, don gidan Baba Tokuzo ba wurin taka ƙafa. Alamar tsofaffi ta koma ƙarƙashin buta.

Duk Alhamis da hantsi suke wucewa ta gaban shagona. Ita a sitiyari, kanta da ƙyar ya leƙo, shi a gefe da farar safar hannu, fure a cinya, ɗaya hannun ya damƙe marikin ƙofa. Iya Fumie dai ta samu sabon babi a rahoto, mai tsawo. Makon jiya na fito shan iska daidai lokacin da suka doshi kwanar, ina jiyo muryarsa tun daga nan.

"Hagu, akwai komai! Shimokawa-san, akwai komai! Katanga!"

Sai ƙarar ƙarfe a jikin dutse, doguwa, ba gaggawa. Motar ba ta ko rage gudu ba.

"Kwantar da hankalinka, Kuwabara-san," in ji ta. "Katangar tawa ce."